KAFIN ALLURA TA TAƁA FATARKA: maganar tatu ga ɗan Arewa mai karatu a Kudu

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yana da tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe kafin wani ya yanke min hukunci.

Daren Alhamis biyu da suka wuce mun gangara Sabo cin tsire ni da wani ƙanena. Ba ciki ɗaya muka fito ba, irin ƙannen nan ne da mutum ke samu a makaranta saboda mota ɗaya ke kawo mu Ibadan daga gida. Ɗan shekarar farko ne, yaro mai kunya, jam'i ba ya wuce shi. Muna tsaye muna jiran mai tsire ya yanka mana sai ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, don Allah zaɓar min ɗaya." Ni na ɗauka takalmi ne ko riga. Ina dubawa sai ga zane uku: gaggafa ta buɗe fukafukai, kalmar Ummi da rubutun Larabci, sai dagin Arewa. Na ce na mene ne? Ya ce tatu zai yi a damtse. Har ya tara naira 40,000, ya samo mai yi a Instagram, sun tsayar da ranar Asabar.

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina faɗa ne. Sai na haɗiye, don na san halinmu. Da na daka masa tsawa, "to Yaya" zai ce, ranar Asabar ya tafi shi kaɗai, daga nan kuma ba zai sake nuna min komai ba. Na ce ya ɗaga ranar, ya ba ni mako biyu in yi tunani. Wannan rubutun shi ne amsar da na ba shi. Na sa shi a nan ne don na tabbata ba shi kaɗai ba ne, akwai maza da mata a cikinmu da ke ajiye da irin waɗannan hotunan a waya.

Da farko bari in cire munafunci. Na fahimci abin da ke jan shi. A gida, ko aski ka canza sai maƙwabcinku ya tambayi babanka lafiya. Ka zo nan, babu wanda ya san gidanku, babu mai kai rahoto. Abokin ɗakinka yana da zane a ƙirji, yaron kirki ne kuma, shi ke ja maka darasin da ka rasa. Ka buɗe waya ga Wizkid, ga Davido, ga Burna Boy, ga Messi, duk jiki a zane. A hankali abin da kake gani baƙo jiya sai ya zama ba komai ba yau. Ni ma a shekarata ta farko na taɓa tsayawa gaban madubi ina ƙiyasta yadda wani zane zai zauna min a hannu. Don haka ba daga kan mumbari nake magana ba.

Ra'ayina kuwa a taƙaice: tambayar "wane zane ya fi dacewa?" ta yi gaggawa. Akwai wadda ke gabanta, ita ce wa zai ɗauki wannan zanen? Yaron da ke zaɓa yau shekararsa 19. Wanda zai yi yawo da shi mutum ne mai shekara 30 da ke neman aiki da aure, da mai 45 da 'yarsa za ta ce Baba mene ne wannan, da tsohon da za a yi wa wanka wata rana. Duk ba a tambaye su ba. Kuma fatar nan ba a Ibadan za ta zauna ba, gida za ta koma.

Mu fara da abin da tatu yake, don da yawanmu suna ɗaukarsa kamar lalle mai daɗewa. Lalle saman fata yake rinawa, saman fata kuwa kullum saɓewa yake yi yana sabuntawa, shi ya sa bayan mako biyu ko uku sai ya goge. Tatu na'ura ce mai allura da ke huda fata sau ɗaruruwa, har dubbai, a minti ɗaya, tana tura tawada can ƙasan wannan saman, inda ba ya saɓewa. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye ta, amma ba sa iya narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin. Wani ɓangaren ma yana gangarawa har cikin kaluluwa. Wato zanen da kake gani rauni ne da ya warke da tawada a ciki. Shi ya sa sabulu ko man bilicin ba abin da za su yi masa.

To mu ɗauki zanen ƙanen nawa ɗaya bayan ɗaya, don kowanne da tasa matsalar.

Gaggafa. Shi a ransa ƙarfi da 'yanci take nufi, ga kuma Super Eagles. Amma mu baƙi ne a nan, ba mu gama sanin yaren alamomin garin ba. Ƙungiyoyin asiri na jami'o'in Kudu suna da tarihi mai tsawo. Tun 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a nan Ibadan, da alamar ƙoƙon kai da ƙasusuwa, duk da cewa su ba don ta'addanci suka kafa ta ba. Daga baya wasu suka ɓullo waɗanda kowa ya san aikinsu. Eiye, wadda ta faro a Ibadan a shekarun 1960, sunanta ma da Yarbanci tsuntsu yake nufi, kuma tsuntsu ne alamarta. Black Axe, mai tushe a Benin a shekarun 1970, gatari ne tata. Yanzu ka duba, yaro ɗan Arewa ya zana tsuntsu a damtse yana yawo da singileti a Agbowo da daddare. Wanda ya tare shi, ko ɗan wata ƙungiya ne ko ɗan sanda, ba zai tsaya jin bayanin Super Eagles ba. Duk an gargaɗe mu kan kalar hula da riga ranar da muka zo. Hula kana cirewa ka cusa a jaka. Wannan fa?

Kuma ba mu manta Oktoban 2020 ba. Cikin manyan koke-koken matasan da suka fito zanga-zangar EndSARS akwai cewa ana tare yaro don kawai yana da tatu, ko dada a kai, ko waya mai tsada, a ce ɗan damfara ne ko ɗan ƙungiyar asiri. Zalunci ne, ban ce daidai ba ne. Amma kai da ke bin hanyar Ibadan zuwa Ilorin zuwa Mokwa kowane hutu, ka ƙirga shingaye nawa kake wucewa, sannan ka tambayi kanka ko kana son ƙara wa kanka dalilin "sauko, cire riga".

Na biyu, Ummi da Larabci. Wannan ya fi taɓa ni, don na san da zuciya ɗaya ya zaɓa. Mahaifiyarsa da ɗinki take biya masa kuɗin makaranta. Sai na tambaye shi abu ɗaya: ranar da ka koma hutun Sallah ka cire riga za ka yi wanka ta gani, murna za ta yi ko kuka? Ya yi shiru. Na ce to kyautar da mai karɓa zai yi kuka saboda ita, wa aka yi wa? In don Ummi ne, 40,000 ɗin nan ta isa a yi wa kekenta gyara a saya mata atamfa, kuma za ta sa maka albarkar da za ka ji a jikinka.

Ban da wannan, mai zanen bai iya Larabci ba. Hoto zai kwafa. Manhajoji da yawa idan ka liƙa musu rubutun Larabci sai su wargaza shi, haruffa su rabu da juna, su juya daga hagu zuwa dama. Wanda bai yi makarantar allo ba ba zai gane an samu matsala ba, haka zai buga maka. Ɗigo ɗaya ya ɓata ko ya ƙaru, kalma ta koma wata. Wannan ba a kan talaka kaɗai yake faruwa ba. A 2019 mawaƙiyar Amurka Ariana Grande ta yi tatu da rubutun Japan a tafin hannu, tana nufin zobba bakwai, sai ya fito da ma'anar ƙaramin murhun gasa nama na gawayi. Duniya ta yi ta dariya. Ita mai kuɗi da mashawarta ke nan. Masu tunanin rubuta sunan Allah ko aya kuwa, ku tuna da wannan fatar za ku shiga banɗaki kullum, da ita za ku yi janaba. Laya ma cirewa ake yi a rataye a bakin ƙofa.

Sunan saurayi ko budurwa ba sai na daɗe a kai ba. Johnny Depp ya rubuta sunan Winona Ryder a damtse, da suka rabu sai da ya goge haruffa biyu ya mayar da shi wata kalma. Mu nan soyayyar makaranta nawa muka gani ta tsallake bautar ƙasa? Ku ƙirga da yatsu.

Na uku, dagin Arewa. A nan ne muka yi musu sosai, don yaron yana da hujja. Ya ce, "Yaya, ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakata tana da jarfa a fuska. Kakana yana da aska. Me ya sa nasu al'ada ne, nawa iskanci?"

Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce zane a jiki daga Turawa muka gani bai san tarihinsa ba. Muna da jarfa, wadda ake tsagawa a shafa baƙi ta zauna har abada, matan Fulani da na Hausawa sun yi ta don ado. Muna da bille da kalangu da zube. Da ganin fuskar Bagobiri ko Babarbare na da, ka san daga inda ya fito. Yarabawan da muke zaune cikinsu su ma suna da nasu, irin su pele da abaja. Amma mu duba abu biyu. Na ɗaya, askar kakanninmu tana da aiki a zamaninta: lokacin yaƙe-yaƙe da kamen bayi, ita ce shaidar da ke nuna ɗan wane gari ne kai, wa zai fanshe ka. Na biyu, mu da kanmu muka bar ta. Malamai sun yi wa'azi a kai, asibiti ta yi magana kan askar wanzami ɗaya a jikin yara goma, har Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tatu ko tsaga. Ku tambayi waɗanda aka yi wa suna jarirai, da yawansu za su ce da an tambaye su da ba su yarda ba. To kai da Allah ya tsallakar da kai askar wanzami, sai ka ɗauki kuɗinka ka kai wa wanzamin zamani?

Kishin Arewa kuwa, dagi a damtse ba ya ƙara shi. Dagin nan yana jikin hularka, yana jikin aikin babbar riga, yana bangon gidajen sarauta. Wanda ya fito da sakamako mai kyau a sashensu, har malami ya daina mamakin wai ɗan Arewa ne ya zo na ɗaya, ya fi mai zanen dagi ɗaga mana kai.

Yanzu addini. Ni ba malami ba ne, abin da na sani kawai zan faɗa. Hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata yana cikin Bukhari da Muslim, an ruwaito shi daga sahabbai irin su Abdullahi ɗan Mas'ud da Abdullahi ɗan Umar. A kansa malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyya da muka tashi a cikinta, suka tafi kan haramcin zane na dindindin, ga mace da namiji. Na san akwai malaman Shi'a da suka sassauta, amma yawancin masu karanta wannan rubutun sun san a wace makaranta aka rene su. 'Yan uwanmu Kiristocin Arewa, 'yan Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da sauransu, su ma suna da aya a Littafin Firistoci 19:28 da ta yi magana kan tsaga jiki da yi masa zane. Ra'ayin fastoci ya bambanta kan ko tana aiki a yau, amma na tambayi wani abokina ɗan Kafanchan yadda mamarsa za ta karɓi tatu, dariya kawai ya yi ya ce in bar maganar. Abin da nake roƙo shi ne kada mu yaudari kanmu. In za ka yi, ka san abin da addininka ya ce ka yi, kada ka je neman fatawa a TikTok wurin wanda zai faɗa maka abin da kake son ji.

Sai lafiya, kuma a nan ina so mu nutsu. Binciken NAIIS da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu ke nan, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa a busasshen jini har mako guda, ta kuma fi ta ƙanjamau saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Ba allura kaɗai ba, ɗan kofin tawadar da aka tsoma wa wani aka dawo da shi kanka ya isa. Masu yi a ɗakin hostal da rahusa, da injin da suka saya a intanet, wa ke duba su? A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciwon hanta yana ciki. Ka yi tunanin ranar da sakamako zai fito, an riga an sa rana, a ce kana da shi, kai kuma ka san daga inda ka kwaso.

Akwai kuma tabon nan mai kumbura ya yi tsiro, wanda likitoci ke kira kiloyid. Baƙar fata ta fi kowace saurin yin sa. Duk mun san wata da ta huda kunne ya fito mata da ƙullutu, ko wani da ƙurajen aski suka zame masa tudu a ƙeya. In jikinka irin wannan ne, ko akwai shi a danginku, gaggafar da ka biya kuɗi za ta iya komawa tudun nama mai ƙaiƙayi, kuma ko an yanke shi yakan dawo. Ƙirji da kafaɗa da damtse, wuraren da samari suka fi so, suna cikin inda ya fi fitowa. Ita kanta tawadar abin tambaya ce. A Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu saboda illarsu. Jar tawada ce ta fi tayar da borin jini. Wadda za a tura maka ƙarƙashin fata a Ibadan, daga ina ta zo, me ke cikinta? Mai yi ɗin ma sau da yawa bai sani ba.

Maganar aiki gajeriya ce. Mu 'yan Arewa mun san yawanmu da ke cika fom ɗin soja bayan digiri. Ku je ku karanta sharuɗɗan da rundunar soja ke fitarwa lokacin ɗaukar hafsoshi, za ku ga an rubuta ƙarara cewa kada mai nema ya kasance da tatu ko rubutu a jiki. Kuma wurin tantancewa tuɓe riga ake yi. Shekara huɗu ko biyar na karatu, a sallame ka a layi saboda zanen da ka yi a semista ta biyu. Ba da jini ma, in ɗan uwanka na kwance yana buƙata, sabon tatu na sa a ɗaga maka har wasu watanni. Masu cewa ai duk manyan 'yan ƙwallo suna da shi, Cristiano Ronaldo ba shi da ko ɗaya, haka Mohamed Salah, kuma ba abin da ya rage musu.

Wani zai ce in na gaji sai in goge. Da sauƙi a baki. Gogewa da na'urar leza ake yi, tana farfasa tawadar jiki ya kwashe a hankali. Ba zama ɗaya ba ne, ana komawa sau da dama, tsakanin kowane zama makonni, abin ya ɗauki shekara ko fiye. Ya fi yin zanen zafi, ya fi shi tsada ninki-ninki. A baƙar fata kuma akwai haɗarin wurin ya yi fari fat ko ya ƙara duhu, siffar zanen ta zauna a matsayin tabo. Kore da rawaya sun fi taurin kai. Masu ƙona wurin da dutsen guga ko asid ko wani man da aka tallata musu, don Allah ku bari, rauni ne kawai za ku ƙara. Da na sani ƙeya ce.

To in duk da wannan wani ya ce shi fa sai ya yi? Ba na goyon baya, na faɗa. Amma na fi son ka dawo da zane kawai da ka dawo da zane da cuta. Don haka ga abin da zan ce wa wanda ya toshe kunne. Ka ba kanka wata shida da zane ɗaya, ka sa shi a fuskar wayarka kana gani kullum, in ka gaji da shi a waya to ka samu amsa. Kada ka je cikin fushi, ko bayan an yaudare ka, ko don abokai sun yi maka dariya. Ka yi allurar rigakafin ciwon hanta B tukuna, guda uku ce cikin wata shida, kuma wannan ko ba ka da niyyar tatu ka je ka yi. Ka ga an ɓare sabuwar allura daga leda a gabanka, an zuba tawada a sabon kofi, mai yi ya sa sabuwar safar hannu. Ka nemi ganin aikinsa da ya warke a kan baƙar fata, ba hoton ranar da aka yi ba. Ka nisanci fuska da wuya da bayan hannu. Ka nisanci tsuntsu, gatari, ƙoƙon kai, da duk alamar da ba ka tambayi ɗan gari ma'anarta ba. Ban da sunan Allah, ban da aya, ban da sunan masoyi. In wurin ya kumbura, yana ruwa, ko zazzaɓi ya kama ka, asibiti za ka nufa, kada kunya ta sa ka ɓoye.

'Yan uwana mata, ku Allah ya hutar da ku, kuna da abin da 'yan Kudu ke biyan kuɗi su samu. Duk lokacin da aka yi ranar al'adu a makaranta, layin da ya fi tsawo na mai ƙunshi ne. Lalle halal ne, ado ne, wannan watan fulawa, wata mai zuwa wani salon, ranar da kika gaji ya tafi da kansa. Sai dai ku yi hattara da dayis. Baƙin nan da ke kamawa cikin minti kaɗan yawanci akwai sinadarin rinin gashi a ciki, ana ce masa PPD, yana ƙona fatar wasu har ta yi bororo ta bar tabo da siffar zanen. Wadda ya taɓa yi wa haka, jikinta kan riƙe abin har abada. Jan lallenmu na gargajiya ya fi aminci.

Magana ta ƙarshe ga mu da ba mu yi ba, ita ce ma ta fi damuna. Akwai 'yan uwanmu da suka riga suka yi. Na san wani da ke sa doguwar riga ko ana zafin Maris, ya daina zuwa masallacin makaranta saboda wani ya ce masa alwalarsa ba ta yi, sallarsa ba ta karɓuwa. Haba jama'a. Tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa fata. Malamai da dama na wannan zamani sun bayyana cewa wanda ya tuba alwalarsa da sallarsa sun inganta, kuma ba a tilasta masa cirewa in cirewar za ta cutar da shi ko ba shi da hali. Ya je ya zauna da malamin da ya yarda da shi ya ji dalla-dalla. Amma mu, aikinmu mu matsa masa a sahu. Mu kaɗan ne a garin nan. In muka kore shi, akwai masu jiran sa hannu biyu-biyu, kuma mun san su waye. Zunubin da ake gani a fata bai fi wanda muke ɓoyewa a waya girma ba.

Ƙanen nawa fa? Ba zan yi muku ƙarya in ce ya fashe da kuka ya tuba ba. Gaggafar ya goge da kansa tun a Sabo da na ba shi labarin tsuntsu. Ta Ummi ma ya bari. Dagin ne har yanzu yake masa yawo a rai. Mun yi yarjejeniya: wata 'yar ajinmu ta zana masa shi da jan lalle a damtse, zai zauna da shi ya gani, ba zai je wurin mai allura ba sai bayan ya je gida hutu ya dawo. Jiya ya ce min tun da aka zana bai iya fita da singileti ba, kunya yake ji. Na ce masa to ka riƙe wannan kunyar ka saurare ta. Kuɗin dai suna nan, ya tura wa Ummi rabi.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, bismillah, amma da ladabi, ban da zagi, ban da kiran sunan kowa. Wanda kuma ya san yana da irin hotunan nan a waya kuma ba shi da wanda zai nuna wa, ƙofata a buɗe take, ba zan yi masa faɗa ba.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mayar da mu gida lafiya kamar yadda iyayenmu suka turo mu. Amin.